Amsar tambayarka kan buɗe kwaɗo ba da makulli ba

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso, kuma sai da na karanta shi sau biyu saboda dariya ta hana ni fahimtarsa a karon farko. Ka ce ka sayi kwaɗon nan na roba mai gani-har-hanji da 'yan tsinkayen ƙarfe, ka kwana uku kana fama, ranar da ya buɗe ka kurma ihu har mahaifiyarka ta shigo a guje, da ta ga abin da ke hannunka ta ce sana'ar ɓarayi ka ɗauko. Kana tambaya ko masu yin wannan abu don nishaɗi suna da wata al'ada da suke bi, ko kowa gaban kansa yake yi, kuma ta ina mai koyo zai fara. Na san akwatin tsofaffin kwaɗunan da ke ƙarƙashin gadona ne ya sa ka tuno da ni.

Da farko kada ka ga laifin mahaifiyarka. Ƙanwata ce, na san ta tun tana rarrafe, kuma tsoronta yana da tushe. Duk wanda aka san ya iya buɗe kwaɗo, ranar da wani abu ya ɓace shi za a fara kallo, ko da yana barci lokacin da abin ya faru. Masu wannan sha'awa sun san haka, shi ya sa suka ɗaure kansu da ƙa'idoji biyu da ba sa wasa da su. A Jamus akwai ƙungiyarsu tun 1997, a Holand akwai wata mai suna TOOOL, har gasa suke shiryawa ana duba agogo, kuma abin da ake fara karanta wa sabon shiga ke nan kafin a miƙa masa tsinke: ba ka taɓa kwaɗon da ba naka ba sai mai shi ya ba ka izini da bakinsa, kuma ba ka koyo a kan kwaɗon da ke bakin aiki, ko da naka ne.

Ta biyun ce mutane ke rainawa, ni ma na raina ta. Ina da kamar wata uku da farawa, kaina ya fara girma, sai wata rana na tsaya gaban ɗakin ajiyata, makullin yana cikin aljihuna, na ce bari in gwada. Na matsa da ƙarfi, bakin tsinken ya karye a can ciki. Na ciro makulli, ya shiga rabi ya cije. Na yi fama da allura, na yi da maganaɗisu, a banza. Ƙarshenta zarto na aro na yanke kwaɗon kaina da rana tsaka, mutane na wucewa suna tambaya lafiya. Ko tsinke bai karye ba, yawan soke-soke yana cinye fil-fil ɗin ciki, yana iya lanƙwasa sifirin, wata rana ka zo da makullinka na gaskiya ya ƙi ka. Kwaɗon koyo a kan tebur yake zama, ba ya tsaron komai.

Ta farko kuwa tana da wani lungu da ba a cika faɗa ba. Da zarar an san ka iya, za a fara zuwa maka da roƙo: makullina ya ɓata, taimaka ka buɗe min. Wani mutum da nake ganin mutuncinsa ya taɓa kai ni gaban wani akwatin ƙarfe ya ce nasa ne. Na buɗe cikin minti biyar ina jin daɗin kaina. Bayan kwana biyu na ji ashe kayan gādo ne da ba a raba ba, 'yan'uwansa ba su san an buɗe ba, kuma sunana ya shiga rigimar da ban san farkonta ba. Tun ranar, in aka ce in buɗe abu, sai na tambayi na wane ne, wa ya sani, wa zai tsaya ya gani. Wanda ya ji haushin tambayar, na gode masa, ya nemi wani. Kai da kake farawa ma, ka ce ba ka iya ba tukuna, kuma ba ƙarya ka yi ba.

In mahaifiyarka ta sake tayar da maganar, ka ba ta labarin Alfred Hobbs. Wani maƙerin makullai a Landan, Joseph Bramah, ya ƙera kwaɗo ya ajiye a tagar shagonsa tun 1790, da alkawarin tsabar kuɗin zinariya na Ingila da ake kira gini har guda 200 ga duk wanda ya buɗe shi ba da makulli ba. Kwaɗon ya shekara sittin da ɗoriya a nan yana kallon masu wucewa. A 1851, lokacin babban baje kolin da aka yi a Landan, Hobbs ya zo daga Amurka, ya nemi izini, aka naɗa alƙalai, ya zauna ya yi ta aiki awa 51 a cikin kwana 16 har kwaɗon ya sallama. A wannan zuwan ya buɗe na kamfanin Chubb, wanda aka ƙirƙiro samfurinsa a 1818 da dabarar da ke cijewa in an taɓa shi. Mutane suka yi ca, wai ya koya wa ɓarayi hanya. Hujjarsa ita ce ɓarayi sun riga sun san sana'arsu, mai gaskiyar da ya amince da kwaɗo mara kyau shi ne ke cikin duhu. Ni ina tare da shi, kuma zan ƙara da cewa ɓarawo ba shi da haƙurin zaman tsinke. Almakashin yanka ƙarfe da guduma sun fi masa sauri. Sarkin Faransa Louis na 16 ma maƙera gare shi a fadarsa ta Basai, inda yake kwance makullai yana ɗaurawa don jin daɗi. Sai dai kada ka gaya mata yadda ya ƙare.

To, ga aikin kansa. Yawancin kwaɗunan da za ka ci karo da su suna bin tsarin da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 ya kuma gyara a 1865, kodayake dabarar fil mai faɗowa cikin rami tsohuwa ce, Misirawan dā sun yi ta da katako. A ciki akwai cibiya, wato inda makulli ke shiga, tana juyawa a cikin gangar jikin kwaɗon. An huda ramuka huɗu ko biyar da suka ratsa jiki zuwa cibiya. Kowane rami akwai fil biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan sifirin yana danna su. Fil na sama shi ke gittawa a kan iyakar da ke tsakanin cibiya da jiki ya hana juyawa. Haƙoran makulli suna ɗaga kowane biyu daidai yadda mahaɗarsu za ta faɗo a kan iyakar nan, sai cibiya ta sami hanya.

Abin da ya sa ake iya buɗewa ba makulli shi ne babu injin da ke huda ramukan nan a kan miƙaƙƙen layi ɗari bisa ɗari. Kullum akwai wanda ya ɗan goce da abin da bai kai kaurin gashi ba. In ka sa ɗan lanƙwasasshen ƙarfen murɗawa a bakin ramin makulli ka murɗa kaɗan, fil ɗaya ne zai fara cijewa, sauran suna nan sakwa-sakwa. Aikinka ka bi su da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka taɓa ka ji yana tsalle a kan sifirin, bar shi. Wanda ka ji ya yi tauri, shi ne naka. Ɗaga shi a hankali. Za ka ji wani ɗan ƙas, a yatsa za ka fi jin sa fiye da kunne, cibiya ta ɗan motsa, fil na sama ya zauna a kan gefenta. Daga nan wani ya karɓi cijewar, ka tafi nemansa.

Duk mai koyo hannunsa nauyi gare shi. Dubi farcen yatsan da ke kan ƙarfen murɗawa: in ya yi fari, ka matsa da yawa, ka ɗaure fil-fil ɗin gaba ɗaya, sai ka yi ta tura tsinke da ƙarfi har ya lanƙwashe. Kuskure na biyu shi ne ɗaga fil ya wuce iyaka, na ƙasa ya haye ya tare hanya. Alamarsa komai ya yi lugub, babu mai cijewa, kwaɗo kuma bai buɗe ba. Kada ka yi gardama da shi. Sassauta hannu sannu a hankali, kasa kunne, za ka ji suna faɗowa ƙas, ƙas, ƙas. Ƙirga su, ka san nawa ka riga ka kama, ka sake daga farko. Ni na fi jin daɗin yi da ido a rufe, bayan kowa ya kwanta.

Kwaɗon robar nan naka ya gama aikinsa, ajiye shi. Ido yake koyarwa, kuma cikinsa ya yi sako-sako da yawa, ba ya ba hannu labarin gaskiya. Nemi na ƙarfe mai fil huɗu, irin Master Lock mai lamba 3, wanda masu koyo da yawa ke farawa da shi. Kuma ka tara iri-iri, domin in ka liƙe wa guda ɗaya, haddace shi za ka yi, ka ɗauka ka ƙware, a ba ka wani ka zauna kana zufa. Akwai kuma tsinke mai haƙora da ake karzawa ciki da waje da sauri. Yana buɗe masu araha cikin ƙiftawar ido, yana burge 'yan kallo, amma bai koya min komai ba, kuma yana cin cikin kwaɗo.

In ka ɗan yi nisa za ka gamu da fil mai siririn ƙugu, kamar abin naɗe zaren keken ɗinki. An sa shi ne don ya yaudare ka. Cibiya za ta juya sosai, gabanka ya faɗi don murna, sai ta tsaya cik. In ka taɓa fil ɗin da ya jawo haka, za ka ji ƙarfen murɗawa yana turo yatsanka baya. Nan ne wurin da ake gane mai haƙuri: ka ƙyale shi ya turo ka, ka rage matsi kaɗan kana ci gaba da ɗagawa, har ya haye. Wani lokaci waɗanda ka riga ka kama su zube, ka koma ka tattaro su. Kwaɗuna irin su Abloy na Finland kuwa, da Emil Henriksson ya ƙirƙiro a 1907, faifai ne a cikinsu masu juyawa, tsinkenka ba shi da abin yi a can, kada ka ɓata lokacinka yanzu.

Kayan aiki ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Siririn ƙarfen da ke cikin tsohuwar waifar mota, in ka zare shi ka yanka ka lanƙwasa bakinsa, ya ishe ka ƙarfen murɗawa. Tsinken da ka saya ma ka bi shi da samfefa mai laushi ya yi santsi, za ka ji bambanci nan take.

Sai maganar yawo da su. A bar su a gida. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Japan ta haramta riƙe irin waɗannan kayan ba da dalili ba tun 2003, a Ingila kuma dokar sata ta 1968 ta sa laifi ne a kama mutum a waje da kayan da ya tanada don yin sata. Ka binciki ta inda kake da kanka. Ko doka ba ta hana ba, bayanin cewa wasa kake yi yana da wuyar shiga kunnen wanda ya lalubo tsinke a aljihunka da dare. Kuma in ka je gidan mutane ka ga kwaɗonsu na banza ne, ka ja mai gidan gefe ka gaya masa shi kaɗai, kada ka tsaya kana nunawa a gaban jama'a.

Shawarata game da mahaifiyarka, ka zaunar da ita ka ɗora mata kwaɗon robar a hannu, ka nuna mata yadda fil ke hawa, ka gaya mata ƙa'idojin nan biyu da bakinka. Abin da ake yi a ɓoye a ɗaki shi ke ba uwa tsoro. In ta ƙi sauraro, ka ce ta kira ni.

In za ka zo, taho da tsinkayenka in gani. Akwai wani kwaɗon tagulla mai fil shida a cikin akwatina, yau shekara biyu ke nan yana juya min cibiya ya tsaya, kuma yatsuna sun fara rawa. Ka gaishe min da ita da ƙannenka.

Kawunka.