Idan Mai Mota Ya Fi Ka Baki

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka gane ko maganar mai mota tana da ƙarfi idan ya dawo yana cewa aikinmu ne ya kashe masa inji, domin kai da mutum ya jero maka zance sai jikinka ya yi sanyi, ka fara ganin kamar shi ke da gaskiya. Ajiye sifanar nan ka zauna. Da wata tambayar ce da na tura ka wurin yayyenka na gareji, amma wannan ta fama mini mikin da har yau bai warke ba.

Ina da ƙuruciyata wani mutum ya kawo mota na canja masa bel ɗin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin a cikin inji. Aikin da hannuna ya saba ne. Na daidaita maki, wato alamomin da ke nuna bel ya zauna daidai, na juya inji da hannu zagaye biyu na ga kowane maki ya koma gurbinsa, na tayar, inji yana kaɗawa sumul. Ya biya ya tafi. Bayan 'yan makonni sai ga motar an jawo ta da igiya, inji ya buga. Ko ta kaina bai bi ba, kai tsaye ya kai ƙarata gaban dattawan sana'armu.

Ban taɓa ganin mai iya baki irin mutumin nan ba. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Da yabona ma ya fara, ya ce sunana ya ji ya kawo mini motar. Sannan ya ce shekara da shekaru ba ta taɓa ba shi wahala ba, hannu ɗaya ne ya taɓa injin, kuma ga ta a mace. Ya kawo maƙwabtansa suka shaida cewa kullum da safe lafiya lau take tashi. Ya ambaci 'ya'yansa da motar ke ciyarwa, muryarsa na rawa. Ga furfura, ga kamala, ni kuwa baƙin mai har gwiwar hannu, raina a ɓace, magana tana sarƙe mini. Na ce a buɗe injin a gani. Ya ce shi ba zai yarda hannun da ya kashe motar ya sake taɓa ta ba. Sai na ga kowa yana gyaɗa kai. Aka yanke in saya masa wani inji. Abin da na daɗe ina tarawa don in buɗe wurin kaina, a nan ya tafi, kuma masu kawo mini aiki da yawa suka janye ƙafa.

Mataccen injin ya zama nawa tunda na biya, sai na kwance shi a gaban jama'a. Bel lafiyarsa ƙalau, haƙoransa cikakku, maki suna inda na bar su. Ko bawul ɗaya bai lanƙwashe ba, kan fistin babu tabo. Da na cire kwanon ƙasa sai ga baƙin mai ya daskare kamar kwalta, rariyar famfon mai ta toshe, metal ɗin da ke tallafe karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, sun narke, shi kansa karanshaf ya yi shuɗi saboda zafi. Rashin mai ne ya kashe injin, kuma irin wannan dauɗar ba ta taruwa cikin makonni, sai an daɗe ana tafiya ba a juye mai ba. Daga baya wani bakanike ya gaya mini tun kafin a kawo mini motar ya gargaɗi mutumin cewa jar fitilar mai tana kamawa. Ashe ya sani, wanda zai ɗora wa yake nema. Na koma wurin dattawan da karanshaf a hannu, suka ce magana ta wuce, a yi haƙuri. Na yi haƙurin, amma ban manta ba.

Yanzu warware maganarsa ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da ke ciki. Maƙwabtan ba su yi ƙarya ba, mota tana tashi da safe. To, me tashin safe ya faɗa game da abin da ya kashe inji? Ba komai. Shaida tana iya zama gaskiya tsantsa alhali ba ta taɓa abin da ake jayayya a kai ba. Batun 'ya'ya abin tausayi ne, amma tausayi ba ya lanƙwasa bawul. Abin da ya rage masa ɗaya ne: na taɓa, sannan ta mutu. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace cin mutane, domin abu ya biyo bayan abu ba ya nufin shi ya jawo shi. Dole mai magana ya nuna hanyar da ɓarnar ta bi daga hannunka zuwa inda ta fito. Da taimin na kuskure ko da haƙori ɗaya ne, tun tayarwar farko inji zai rasa ƙarfi. Da bel ya tsinke, a irin injin nan fistin zai daki bawul ya bar tabo. Kowane sanadi da irin sawun da yake bari, kuma sawun da na tarar na mai ne.

Sannan ka lura da wayon da ya fi min ciwo. Shi ya kawo da'awa, amma ni aka sa in wanke kaina, alhali ƙa'idar da malamai suka karantar da mu ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Kuma gwaji ɗaya da zai raba gardama, wato buɗe inji, shi ne ya hana. Duk wanda ka ga yana ƙara daɗin baki yana gudun a duba, ka sa masa ido. Gani ya kori ji.

Abin ba sabo ba ne. A hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa wani zai iya fin wani iya tsara hujjarsa har a yanke hukunci a ba shi, kuma wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, yankin wuta aka yanka masa. Aristotal na Girka ma, sama da shekara 2,000 da suka wuce, ya ce abu uku ke jawo mai sauraro: kimar mai magana, taɓa zuciya, da hujjar kanta. Mutumina ya zo da biyun farko cikakku, na ukun kuwa fanko, kuma biyun suka ishe shi.

Batun duba mai da ruwa da fitilun dashbod a gaban mai mota kafin ka karɓi makulli, wannan ko yaron da aka kawo jiya ya sani, ba zan ɓata bakina ba.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne saurin sallamawa. Wani ya fito a waya yana magana da gadara, shi ke nan ya zama malaminku. Ko kuma ku jona kwamfutar gwaji, ta fitar da lamba, ku ruga sayen kaya. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wannan tsarin gwaji na OBD-II, kuma yana da amfani, ban musa ba. Amma lamba irin P0300 cewa kawai take yi wuta tana ƙin kamawa a silinda nan da can. Ba ta ce fulogi ba ne, ba ta ce fetur ba ne, ba ta ce iska ce ke shiga ta wani tsagi ba. Ita ma da'awa ce, sai an bi sawunta.

Kuma kada ka ɗauka kullum mu ke da gaskiya. Mutumin da ya zo ɗazu yana in'ina, yana cewa tun da ka taɓa masa fedar birki batirinsa ke mutuwa da dare, na ga kuna dariya ku duka. Maganarsa ba tsari, amma tana da hanya. Akwai makunni a saman feda, idan bai zauna daidai ba fitilun birki ba sa mutuwa, su kwana suna shan batir. Tashi ka kashe motar, ka zagaya bayanta ka duba fitilun, sannan ka zo ka gaya mini abin da ka gani.