Baba Rabaran Ya Yi Ritaya, Ya Daina Magana da Addu'a: Asiri Ne Ko Ciwo?

Tambaya: Mahaifinmu ya yi shekara 38 yana aikin fasto, bara ya yi ritaya. An yi masa sujadar ban kwana, bayan wata uku ya bar gidan ikkilisiya ya koma gidansa da bai gama ginawa ba a garinmu. Tun daga nan ya canza. Yana farkawa da tsakar dare, ya rame, ya daina jagorantar addu'ar safe, ranar Lahadi kuma yakan zauna a bencin baya ya fita kafin a tashi. Ya ce wa Mama amfaninsa ya ƙare. Wani mai addu'a ya ce wanda ya gaje shi ne ya ɗaure shi, don haka ya ce Baba ya yi azumin kwana bakwai ba ci ba sha, ya kuma ajiye maganin suga da na hawan jini. Garatutinsa ma har yau bai fito ba. Muna cikin tsoro, me za mu yi?

Amsa: Ɗiyata, kafin komai, kada Baba ya shiga wannan azumin, kada kuma ya ajiye ko ƙwaya ɗaya daga cikin magungunansa. Idan ya riga ya fara, a ba shi abinci yau, a mayar masa da maganin hawan jini, a kai shi wurin likitan da ke duba shi cikin makon nan. Dattijo mai ciwon suga da ya yini ba ci ba sha yana cikin haɗari ta kowace fuska. In yana shan ƙwayar suga ta glibenclamide ko yana allurar insulin, sugansa zai iya faɗuwa har ya suma, in kuma ya daina maganin gaba ɗaya, sugan zai hau, ruwan jikinsa ya ƙafe, ƙodarsa ta jigata. Barin maganin hawan jini kuwa hanya ce miƙaƙƙiya zuwa shanyewar ɓarin jiki.

Alamun da kika lissafa, wato farkawa da tsakar dare, ramewa, janye jiki daga mutane, rasa sha'awar abin da mutum ya fi ƙauna, da jin cewa ba shi da amfani, su ne alamun ciwon damuwa mai tsanani, kuma likitoci sukan fara zarginsa idan sun wuce mako biyu, balle watanni. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, domin ƙarancin jini, raunin ji da farkon cutar mantuwa duk suna iya kama da haka a jikin tsoho, shi ya sa ake bukatar gwaji.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi damuna, domin shi nake fama da shi kullum a aikin ba ma'aikatan ikkilisiya shawara. Mutanenmu sun ɗauka cewa bawan Allah ba ya kamuwa da ciwon damuwa, saboda haka idan fasto ya yi shiru ya kasa addu'a, to, ko dai ya ja da baya cikin bangaskiya, ko yana ɓoye wani zunubi, ko an yi masa asiri. Wannan tunani yana kashe mutane, kuma ya fi kashe fastoci, domin su ne suka fi kowa jin kunyar faɗin abin da ke damunsu. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa jama'a su yi farin ciki cikin Ubangiji, da wane baki zai ce wa ɗiyarsa shi kansa ba ya jin komai idan ya buɗe Littafi Mai Tsarki? Sai ya haɗiye, ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa, ciwon ya ƙara nauyi. Rashin iya addu'a a irin wannan hali alama ce ta ciwon, kamar yadda mai zazzaɓi yake jin ɗacin tuwon da ya saba ci da marmari. Tuwon bai canza ba, kuma in zazzaɓin ya sauka ɗanɗano yakan dawo.

Masu cewa annabi ba ya karaya su koma 1 Sarakuna sura 19. Iliya, bayan ya yi nasara a kan annabawan gunkin Ba'al a Dutsen Karmel, ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai tsawata masa ba, bai kuma ɗora masa azumi ba. Ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya koma barci, sannan ya sake tashe shi ya ci. Sai daga baya aka yi maganar aiki, aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma aike shi ya naɗa Elisha a madadinsa. Ki lura da wannan na ƙarshen sosai: Allah ne da kansa ya ba Iliya magaji. Amma yau wani mutum da ba mu san wanda ya naɗa shi ba, ba mu san wanda yake yi wa biyayya ba, zai shigo gidan dattijo da kwalbar man zaitun ya ce magajinsa ne ya ɗaure shi. Ina tambayar irin waɗannan, in Baba ya faɗi a rana ta uku ta azumin, su ne za su biya kuɗin asibiti? Ba a taɓa ganinsu a bakin gadon marar lafiya ba. Sukan bar iyali da gurgun uba da gaba tsakanin gidaje biyu na fastoci, ikkilisiya ta rabu biyu, su kuma su wuce gida na gaba. Ban ce a daina addu'a ba, ni ma mai addu'a ne. Ku yi masa addu'a safe da yamma, ku kuma kai shi asibiti.

Ritaya kanta ba hukunci ba ce. A Littafin Ƙidaya sura 8, Lawiyawa suna fara hidima suna da shekara 25, su sauka suna da 50, an kuma yarda su ci gaba da taimakon 'yan'uwansu ba tare da ɗaukar nauyin aikin ba. Dokar Cocin Katolika ta 1983 ta bukaci limamin da ke riƙe da ikkilisiya da kuma bishop su miƙa takardar murabus idan sun cika 75, kuma Fafaroma Benedict na 16 ya sauka da kansa a 2013 saboda ƙarfinsa ya ragu.

Abin da Baba ya rasa ya wuce mumbari. Fasto yakan tashi da safe ya tarar da mutane a ƙofarsa, wannan da rikicin aure, wannan da gaisuwar mutuwa, wancan da kaza. A rana ɗaya duk wannan ya koma wa wani. Abin da mutane ba su gane ba shi ne fastoci da yawa ba su da abokai. Suna da membobi, kuma memba yana zuwa ne wurin ofis, in an canza mai ofis sai ya bi sabon, wannan kuwa ba butulci ba ne. Ga yawan canjin wurin aiki, wanda bai bar shi ya yi saiwa a ko'ina ba, har garinsu ya zama masa baƙon wuri. Ku nemo masa waɗanda suke kiransa da sunansa na yanka, wato abokan karatunsa na makarantar Littafi Mai Tsarki da sa'o'insa na ƙuruciya, ko da cikinsu akwai Musulmi maƙwabci da suka yi kiwo tare. Ku sa masa kati a waya, ku biya kuɗin mota ya kai musu ziyara, ko su su zo. Kada ku manta da Mama, domin ita ma ta bar Zumuntar Mata da ta saba, sai dai ba wanda ya yi mata sujadar ban kwana.

Ku je wurin faston garinku a asirce ku roƙe shi ya ba Baba ƙaramin aiki mai lokaci tsayayye, kamar ajin masu shirin baftisma ko kai jibin Ubangiji ga tsofaffi a gida. Kada a fara da wa'azin Lahadi. Kada kuma a bar shi ya riƙa karɓar ƙorafin tsoffin membobinsa a kan sabon fasto ta waya, domin wannan yana tayar masa da miki. A gida kuwa, kada a matsa masa ya jagoranci addu'a. Wani jika ya karanta Zabura, shi ya zauna ya ji, ya isa.

Maganar da ya faɗa wa Mama ba ta wasa ba ce. Wanda Baba ya fi jin nauyinsa a cikinku ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ku kwashe maganin ƙwari da na feshin gona daga gidan, Mama ta riƙe magungunansa tana ba shi na kowace rana. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. In an ba shi magani, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, don haka kada a yanke ƙauna a makon farko, kada kuma a daina da zarar ya ji sauƙi sai likita ya ce.

Saura garatuti. Ina jin takaicin yadda wasu ofisoshin ikkilisiya suke iya tara kuɗin tayil da gilashin sabuwar majami'a cikin wata biyu, amma fayil ɗin wanda ya kafa majami'ar ya yi shekara yana jiran zaman kwamiti. Dattawa, wanda ya ɗaura muku aure ya binne iyayenku bai kamata ya zo yana roƙon haƙƙinsa a bakin ofis ba. Ke kuma, ɗiyata, kada ku bar Baba ya bi wannan da kansa, domin kowace tafiya da zai dawo hannu wofi tana tabbatar masa da abin da ciwon yake raɗa masa. Babban wanku ya ɗauki takardar kama aiki, da ta naɗi, da ta ritaya, ya yi kwafi, ya rubuta wasiƙa mai kwanan wata zuwa ga sakataren gunduma, ya sa a buga masa hatimin karɓa, sannan ya nemi a faɗa masa ranar zaman kwamitin kuɗi na gaba ya je da kansa.