Likita ya amsa tambayoyin masu ɗaga ƙarfe

Likita, wata biyar ina ɗura abinci ina ɗaga ƙarfe, daga kilo 68 na kai 80. Ƙwanji ya fito, tumbi ma ya biyo baya. Yaya zan rage shi ban zube ba?

Rage kalori 300 zuwa 500 kawai a rana. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ne, to ka fara da man da ake malala wa garau-garau, sai lemon kwalba. Furotin kuwa kada ka rage: jikinka na son giram 130 zuwa 170 kullum, daga ƙwai, kifi, wake, awara da kindirmo. Ci gaba da ɗaga nauyin da ka saba. Rabin kilo a mako ya ishe ka. In ka yi gaggawar ramewa, har da tsoka za ka iya zubarwa.

Wai in na daina, ƙwanjin zai narke ya koma kitse?

A'a, tsoka daban, kitse daban. Tsokar motsewa take yi, kai kuma ba ka rage loma ba, sai kitse ya taru.

Ɗanyen ƙwai cikin madara fa?

Dafa shi. Kusan rabin furotin ɗin ɗanye ne kawai jiki ke amfana da shi, ga haɗarin gudawa.

Don kada in rame, wani a wurin motsa jiki ya haɗa ni da "sha ka fashe". Wata uku ke nan, fuskata ta ciko sosai.

Ɗan'uwa, wannan kumburi ne. Na gaji da ganin samari irinka a ɗakin duba marasa lafiya: kumatu kamar an hura, ciki a gaba, cinyoyi kamar sillen kara, wani ko tashi daga tsugune ba ya iyawa sai ya dafa bango. Yawancin waɗannan ƙwayoyi akwai dexamethasone a ciki, wani magani mai ƙarfi da ke kwaikwayon wani sinadari da jiki ke samarwa da kansa. Yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana kuma cinye tsokar da ka sha wahalar ginawa. Bayan haka sai hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki da raunin ƙashi. Da kuɗinka!

Amma kada ka yanke shi rana ɗaya. Jikinka ya rage samar da nasa sinadarin tunda kana ba shi daga waje. In ka daina kwatsam jini na iya faɗuwa, har a rasa rai. Ɗauki kwalin ka tafi asibiti cikin makon nan, a auna jini da suga, a tsara maka yadda za ka janye sannu a hankali. In amai, jiri ko kasala mai tsanani ta taso, kada ka jira gari ya waye. Asibiti na ce, ba kyamis ɗin unguwa ba.