Amsa ga mai tambayar abin da za ta kai ciyayyar da wasu ba sa cin nama

'Yar uwa, na ga tambayarki: a wurin aikinku an shirya ciyayya, kowa zai zo da kwanonsa, amma akwai Indiyawa biyu da ba sa cin nama, ke kuma duk abin da kika iya na fita kunya da nama ake yin sa. Na yi zaman shekara uku a birnin Haidarabad na Indiya lokacin da maigidana yake karatu, kuma irin wannan ciyayyar mun yi ta da maƙwabta ba adadi, don haka bari in faɗa miki abin da na koya.

Kafin ki ɗora tukunya, ki je ki tambaye su abin da suke ci. Da yawa daga Indiyawan da ba sa cin nama suna shan madara suna cin man shanu, amma ba sa taɓa ƙwai balle kifi. Mabiya addinin Jain kuwa har albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci. Ni kunyar da na sha ta farko a kan dafa-duka ce. Na dafa ta da romon kaza, na tsame naman na ajiye wa yara, a tunanina shi ke nan na gama. Maƙwabciyata ta tambaye ni da me na dafa, na faɗa mata da alfaharina, sai ta yi murmushi ta ce ta ƙoshi. Ranar na gane tsame nama daga tukunya bai mayar da ita marar nama ba. Haka ɗunkulen miya mai ɗanɗanon kaza, da garin busasshen kifi, da man da aka riga aka soya nama a ciki. A can Indiya duk abincin leda da babu nama ana yi masa koren ɗigo a cikin ɗan akwati, a nan kuwa sai kin karanta bayan kwalin da kanki.

To, yanzu girkin. Abin da ke sa tsire daɗi, rabinsa yaji ne da hayaƙin gawayi, kuma awara tana ɗaukar duka biyun idan kin san yadda za ki bi da ita. Kuskuren da ake yi shi ne a tsire ta da ruwanta, sai ta farfashe a kan tsinke. Ki sayi ɗanya wadda ba a soya ba, ki sa ta a firiza ta kwana ta daskare. Da safe ki fito da ita ta saki, ki matse ta tsakanin tafukanki har ruwan ya fita. Za ki ga ta yi ƙofofi kamar soso, ta yi danƙo a baki. Ki yanka da ɗan kauri, ki shafe ta da man gyaɗa da gishiri da daka­kkiyar citta, ki bar ta kamar awa ɗaya, sannan ki mulmula ta a garin ƙuli-ƙuli da barkono da masoro da kanumfari kaɗan. Wuta kada ta yi ƙarfi, don ƙuli yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci. Kina juyawa kina ɗiga mai. Ki haɗa da albasa da tumatir da kabeji yadda mai tsire yake yi. (Ki sanar cewa akwai gyaɗa a ciki, wasu jikinsu ba ya karɓarta.)

Farfesu ya fi wuya, gaskiya, domin romo daga ƙashi yake samun jiki. Abin da yake cike min gurbin shi ne daddawa. Ina soya albasa da yawa har ta yi ja, in zuba dakakkiyar daddawa da kimba da citta da attaruhu, in tsaida ruwa, in sa doya ko dankali in bari wasu su narke su ɗaure romon. Soyayyar awara sai ana saura minti biyar a sauke. In kin samu naman kaza, wato lemar kwaɗin nan da ake sayarwa a manyan kantuna, ki soya shi daban ki zuba, yana ba da ɗanɗano sosai. Sai dai in za ki rubuta sunan abinci a jikin kula, ki kula da wannan sunan, na taɓa ganin wanda ya fassara wa baƙo shi kalma da kalma, baƙon ya ajiye cokali.

Dambun nama ma ana kwaikwayonsa: ki marmashe awara, ki soya a mai kaɗan da yaji kina juyawa har ta bushe. Yana da daɗi a kan shinkafa, amma kada ki kira shi dambun nama a gaban Bahaushe, zai kama ki.

Ni dai da ni ce ke, tsiren nan zan yi, in ƙara da abincinmu da tun asali bai san nama ba. Dambun shinkafa da zogale da gyaɗa, ko kwaɗon rama, ko alale ba ƙwai ba kifi, ko sinasir da miyar taushe ta kabewa da alayyafo ba nama. Kwaɗon zogale shi ne abin da maƙwabtana suka fi wawasa, don su ma suna cin zogale, har 'ya'yansa suke sakawa a miyarsu ta sambar. Ɗanwake ne kawai ba zan ba ki shawara ba, yana hucewa yake tauri kafin a zauna ci.

Ki ware wa kwanonki cokalin zubawa nasa, ki ajiye shi nesa da kular kaza. A ciyayya mutane da cokali ɗaya suke bin kwanuka, kuma da ya shiga miyar nama ya dawo cikin naki, baƙin naki sun bar shi.