Gwajin ƙwaya kafin a ba talaka tallafi

Malam, ka tambaya ko ya dace a riƙa yi wa masu neman tallafin gwamnati gwajin shan ƙwaya, wanda aka kama a hana shi. An gwada haka a Amurka, kuma ba a ji daɗin abin ba.

A shekarar 2011 jihar Fulorida ta kafa doka cewa duk mai neman tallafin iyali sai an auna fitsarinsa. Shi zai biya kuɗin awon, in ya fito lafiya a mayar masa. Cikin wata huɗu an auna mutum 4,086, aka samu 108 kacal, ko uku cikin ɗari ba su kai ba. Kuɗin da jihar ta mayar ya fi wanda ta tsira da shi. Kotu ta soke dokar, ta ce ba a binciken mutum babu dalilin zargi don kawai talaka ne.

Ni kuwa 108 ɗin nan ne suka tsaya min a rai. Akwai wani yaro a layinmu da taramadol ta kama. Da safe in bai sha ba, hannunsa rawa yake, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. Ranar da babansa ya daina ba shi ko sisi, bai daina sha ba, keken ɗinkin uwarsa ya ɗauka ya sayar. Sai da kawunsa ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ya yi ta zirga-zirga da shi, sannan muka fara ganin sauƙi.