Amsoshin Tambayoyinku: Kito da Kasuwar Otabalo

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto cewa za ta raka maigidanta taro a Kito, babban birnin ƙasar Ikwado ta Kudancin Amurka, amma tana da hawan jini, kuma ta ji an ce garin a kan duwatsu yake.

Hajiya, kwantar da hankalinki, amma ki fara ganin likitanki kafin ku tashi. Tudun garin ya kai mita 2,850, ya ninka na Jos fiye da sau biyu. Kwana biyun farko ki huta, ki yawaita shan ruwa. Ciwon kai da haki in an hau bene ba baƙon abu ba ne, su “soroche” suke ce masa, kuma yakan lafa. In ya ƙi, sai asibiti. Kada kowa ya ja ki shiga motar igiyar nan da ke haurawa dutsen Pichincha ranar da kika sauka, don can sama kusan mita 4,000 ne. Tsohon gari ya ishe ki kallo, tun 1978 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Tudun Panesiyo da ke gefen tsohon garin kuwa a tasi ake hawansa, ɓarayi na tare masu ƙafa. Ki kuma lura da abinci: “hornado” da “fritada” duk alade ne.

Wani matashi na tambaya ko sai ya biya ta Panama zai sami hular Panama ta gaske. Kai ma dai! A Ikwado ake saƙa ta, a garuruwan Montekiristi da Kuwenka. Kuɗin da ka ce za ka canza kuma, dalar Amurka suke kashewa tun 2000. Riƙe ƙananan takardu, mai tebur ba shi da canjin dala 100.

Sai Alhajin da ke da shago a Kano, wanda ke son saro barguna na gashin alfaka (wata dabba ce dangin raƙumi) a Otabalo, wani gari da ke arewa da Kito. Alhaji, nan fa zan tsaya. Zuwan ba wuya, kusan awa biyu ne a bas daga tashar Karselen ta Kito, kuma Asabar ce babbar kasuwa, ranar da kaya ke cika dandalin Fonchos har su malala cikin tituna. Wuyar tana wajen saye. Duk wanda ka tambaya zai ce maka alfaka ce, alhali da yawa zaren roba ne da aka taje ya yi laushi, ko gauraye. Alfakar ma akasarinta a Peru ake kiwonta. Ku da kuka san yadda ake buga wa shadda tambarin da ba nata ba, me ya sa in kun fita waje sai ku bar wayonku a filin jirgi? Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya kashe miliyoyi a biza da tikiti, ya dawo da abin da ke jibge a Kantin Kwari, yana rantsuwa dala goma ya saye shi. In da gaske alfaka ce, wa zai ba ka ita a haka?

Ɗora tafin hannunka a kai. Ta gaske tana da sanyi da ɗan nauyi, ta roba kuwa sakayau take, launinta har kashe ido yake yi. In mai kaya ya yarda, zare sili ɗaya ka ƙona: gashi zai yi ƙaurin babbaka ya zama toka, roba sai ta narke ta dunƙule. In ya ƙi, ka dai ji amsa.

Taya kaya halal ne, amma kada ka yi wa matan Kichwa, ƙabilar yankin, tayin wulaƙanci a kan abin da suka saƙa da hannu. In sari kake nufi, shiga tasi zuwa ƙauyen Feguche, dab da garin yake, ka ga masaƙa a bakin aiki, ka fara da guda biyar ka gani ko Kano za ta karɓa.