Kada ka bar majalisar shayin nan saboda musu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka daina zama a majalisar ataya ta unguwar Nima a Accra tunda kullum musu ake tsakanin 'yan jam'iyyun NDC da NPP na Ghana kan tsadar kaya. Wallahi kada ka daina. A Disamba 2022 da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, bayan sidi, kuɗin Ghana, ya sha faɗuwa a shekarar, kullum sai mun kwasa da maƙwabcina, ni ina ɗora wa gwamnati laifi shi yana cewa korona ce da yaƙin Yukren, amma a bakinsa na gane yadda dala ke taɓa kuɗin shinkafa da na trotro, wato motar haya, tunda shigo da shinkafa da mai ake yi. Ka bar mutum ya kai aya, banda zagin iyaye kawai.